Yadda Wani Manomi Ya Tayar Da Mataccen Inji

Ƙasar da ke arewa da birnin Kano, wajen Minjibir da Ɗambatta da Makoɗa da Bichi, ƙasa ce wadda ba ta da daji. Duk inda mutum ya ɗaga ido gona ce ke bin gona, ba abin da ya raba su sai shingen gamba ko na lalle. Gidaje kuwa a warwatse su ke tsakanin gonaki, ƙarƙashin gawo da kuka da ɗorawa da tsamiya. Ba a hutar da ƙasa a nan, kowace shekara sai an nome ta, don haka kowace shekara sai an ciyar da ita da taki. Damina wata huɗu ce ko biyar. In an kai amfani rumbu, sauran watanni kowa sai ya kama sana'arsa ta rani, wani dukanci, wani saƙa, wani ya tafi birni cin rani. Akwai kuma masu abin sha'awa, kamar mai kiwon tattabaru, ko mai ɗaure doki a turke yana ba shi dawa da harawa, alhali bai taɓa ɗora masa kaya ba.

To, a wani ƙauye tsakanin Ɗambatta da Makoɗa akwai wani dattijo wanda nasa dokin na ƙarfe ne. Da ƙuruciyarsa direba ne, ya yi shekaru fiye da 20 yana jigila a hanyar Kano zuwa Kazaure da Daura. Da girma ya fara kama shi sai ya komo gida ya riƙe gonar gado. Motarsa ta ƙarshe ya kafe ta gindin tsamiya bayan gida, gama injinta ya buga, ba shi kuwa da halin gyara a lokacin. Nan ta yi shekaru, tayoyi suka sace, kaji suka mai da kujerar baya akurki.

Motar Peugeot 504 ce, wadda mutane ke kira Fijo. A Faransa aka fara ƙera irinta a 1968, a 1975 kuma aka buɗe masana'antar harhaɗa ta a Kakuri, Kaduna. An yi shekaru ana ɗauko kayanta a jirgin sama daga birnin Liyon zuwa Kano, daga nan manyan motoci su kai Kaduna. Ita ce motar ma'aikatan gwamnati, ita ce ta haya, ba a daina harhaɗa ta a Nijeriya ba sai a 2006. Ban da ɗaukar fasinja, ta yi suna wajen tsere. A Afirka ta Gabas akwai wani tsere mai wuya da a ke kira Safari, wanda aka fara a 1953. Yayarta 404 ta ci shi sau huɗu tsakanin 1963 da 1968, ita kuma 504 ta ci shi a 1975 a hannun Ove Andersson, mutumin Suwidin. A Nijeriya ma an sha haɗa tseren motoci da bikin kamun kifi na Argungu.

Tsohon direban nan ya san wannan labari tun yana yaron mota, abin kuwa ya daɗe yana ci masa rai. Duk tuƙin da ya yi a duniya da rayukan mutane a bayansa ya yi shi, idonsa na kan jaki da ɗan makaranta da ramin hanya. Bai taɓa sanin iyakar abin da motar za ta iya ba in ba kaya a kanta, a fili inda ba mai gittawa. Wannan dalili ɗaya ke nan. Na biyun ya fi nauyi. Yana da ɗa saurayi, wanda ba ya jin an ce ana wasan mota a biki ya zauna. Ka san irin wasan nan, samari su hau titi suna juya mota tana ƙara, ƙura na tashi, yara na tsaye dab da taya. An sha kai amarya ɗaki da rana, da maraice a kai wani kabari. Uban ya yi faɗa har ya gaji, ya ga faɗa ba ya kashe sha'awa. Sai ya ce a ransa, ruwan da ba ya taruwa gara a yi masa magudana.

Da ya faɗa wa uwargida niyyarsa sai ta ce, "Malam, fetur ɗin da masu albashi ke kuka da shi, kai za ka saya ka ƙone don wasa?" Gaskiya ta faɗa, gama tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kuɗinsa ya ninka wajen sau uku, bai kuwa tsaya nan ba. Maigida bai yi gardama ba, sai ya ɗaukar mata alkawari uku. Ba zai taɓa rumbu ba ko da dami guda. Kuɗin aikin ba zai wuce na rago ɗaya daga cikin biyun da ya ke turkawa ba, da abin da harawa ta kawo. Ranar da aka yi ruwan shuka kuwa, ko an gama ko ba a gama ba, zai rufe mota ya ɗauki sungumi. Ta ce ta ji, Allah ya ba da sa'a.

Kafin a bi su cikin aikin, ya kamata mai karatu ya san abin da ke cikin inji, gama ba wani sihiri ba ne. Akwai ramuka huɗu masu kama da turmi, su a ke kira silinda, kowace da fistin a ciki yana hawa yana sauka kamar taɓarya. In fistin ya sauka sai ya shaƙo iska gauraye da fetur. In ya hau sai ya matse su. Fulogi ya ƙyasta wuta su kama, ƙarfin ƙunar ya tunkuɗa fistin ƙasa. Sa'an nan ya sake hawa ya kore hayaƙi ta salansa. Ƙofofin da ke buɗe wa iska ta shiga, hayaƙi ya fita, su ne bawul. Ƙarƙashin fistin duka akwai wani ƙarfe mai gwiwoyi, sunansa karanshaf, shi ke mai da hawa da sauka su zama juyi, kamar yadda ƙafar tela ke juya keken ɗinki. A injin wannan mota faɗin kowace silinda milimita 88 ne, tafiyar fistin milimita 81, cikin silinda huɗun kuwa ya kusa lita 2. In inji na juyi 5,000 a minti, kowane fistin yana hawa da sauka sau 83 a sakan guda. Duk da wannan gudu ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe, baƙin mai ne ke tsakaninsu, kaurinsa bai kai na takarda ba. Ranar da man nan ya yanke, ko datti ya shiga, ranar inji ke bugawa.

Bayan an gama sussuka suka fara. Suka tsiyaye mai da ruwa, suka kwance lagireto da kafireto da wayoyi, suka aro sarƙar ɗaga kaya wurin wani bakanike a Ɗambatta, suka rataya ta a reshen tsamiya. Da maƙwabta biyu aka ɗago inji, aka ɗora shi kan kura aka kai shagon da ke jikin zaure. Tun ran nan uban ya kafa doka. Ba a kwance ƙarfe sai an yi masa alama, ba a kuma haɗa notin wuri biyu a kwano guda. Ya tara tsofaffin gwangwanaye, kowane ya rubuta a jikinsa inda kayan cikinsa suka fito. Fistin ya ba su lamba, 1 zuwa 4. Murafu biyar da ke riƙe karanshaf kuwa ya bi su da kan ƙusa yana ɗiga musu alama, na fari ɗigo ɗaya, na biyar ɗigo biyar. Yaro ya ce, "Baba, ai duk iri ɗaya ne." Uban ya ce, "Ido ne ke ganinsu iri ɗaya. Kowane a mazauninsa aka huda shi tun daga masana'anta."

Da suka buɗe ciki sai ciwo ya bayyana. 'Yan ɓawon ƙarfen nan masu laushi da karanshaf ke juyi a kansu, waɗanda kanikawa ke kira mital, ɗaya ya narke sarai, ya karce gwiwar da ke kansa. Zobban fistin sun cinye, bakin kowace silinda ya yi gaɓa har farce na kamawa. Shi ya sa a kwanakinta na ƙarshe motar ke fitar da shuɗin hayaƙi tana shan mai kamar ruwa. Abin da ya yi musu daɗi shi ne, silindar wannan inji ba a jikinsa aka huda ta ba, zura ta a ke yi kamar hannun riga, ana iya zare tsohuwa a sa sabuwa. Wannan na cikin abin da ya sa kanikawan ƙauye suka so motar.

Abu ɗaya ne ba ya yiwuwa a gida, watau gyaran karanshaf. Sai maigida ya kai ragonsa kasuwar Ɗambatta ya sayar, ko da ya ke ya san da ya bar shi zuwa Layya da ya fi haka daraja. Ya naɗe karanshaf a buhu ya shiga mota sai Kano. Mai injin wasa ƙarfe ya auna gwiwoyin a gabansa da ma'aunin da ke raba milimita gida 100, ya rage su kaɗan har suka koma sumul, ya rubuta masa adadin abin da ya rage, don ya sayi mital mai kauri daidai da haka. Daga nan ya nufi Ƙofar Ruwa neman sauran kaya. A nan ne sanin tsohon direba ya yi rana, gama kasuwar kayan mota cike ta ke da jabu, kwali mai kyau, ƙarfe na banza. Bai biya kuɗin zobba ba sai da ya zura kowane cikin sabuwar silinda ya duba tazarar bakinsa. Rumfa uku ya bari kafin ya saya a ta huɗu.

Sa'ad da ya komo hunturu ya kankama, iska na ɗauke da ƙura dare da rana. Ga mai haɗa inji kuwa ba abokin gāba kamar ƙura, don ƙwayar yashi guda ta fi tazarar da ke tsakanin mital da karanshaf kauri. Kowace safiya sai su yayyafa ruwa a daɓen shago, su saki tabarma a ƙofa. Kowane ƙarfe sai an wanke shi da kananzir sau biyu, an bi ramukan mai da siririn tsinke, an busa, an naɗe shi a leda. Mako biyu suka yi suna wanki kawai. Masu wucewa suka samu abin zance. Wani ya ce tsufa ne ya zo wa Malam da wasan yara. Wani ya ce da ya sayar wa 'yan gwangwan da ya huta. Shi dai sai ya yi murmushi ya ce a gai da gida.

Aikin da ya fi cin lokaci shi ne zaunar da bawul. Guda takwas ne, kowane sai an shafa wa bakinsa wani maƙunshi mai yashi-yashi, a manna masa sanda mai roba, a yi ta murza sandar tsakanin tafuka kamar mai burga miya, har bakin bawul da mazauninsa su haɗu ba kafa. Yaron aka ba wannan. Da ya ce ya gama, sai uban ya kifa kan inji ya zuba kananzir a kan bawul ɗin, ya ce a jira. Biyu suka yi yoyo. Yaro ya koma burga.

Ana nan sai aka yi rasuwa a dangi wajen Bichi, maigida ya tafi ya kwana biyu. Yaron ya ga azumi na matsowa, ga shi yana so a hau mota da salla, sai ya ɗora karanshaf shi kaɗai ya ɗaure. Da uban ya komo ya kama ƙarfen da hannu zai juya, sai ya ji ya cije. Yaro ya ce, "Baba, sabon mital ne, in an tayar da inji zai saki." Uban ya ce, "Abin da hannu bai juya ba, in wuta ta juya shi sai ta cinye shi. Kwance." Da aka kwance sai ga marfi na biyu a mazaunin na huɗu, na huɗu a mazaunin na biyu, sabon mital guda har ya karce. Uban bai ɗaga murya ba. Ya ce masa dai kuɗin rago ya ƙare, rumbu kuwa an yi alkawari a kansa. Yaro ya yi shiru. Kashegari ya shiga aikin bulo wurin wani mai gini, ya yi kwana tara, ya tafi Kano da kansa ya sayo wani. Wannan karon da ya ɗaure kowane marfi sai ya juya ya ji, kana ya ɗaure na gaba. Da aka gama, da hannu ɗaya karanshaf ke juyawa.

Daga nan aiki ya miƙe. Aka zura silinda, aka toshe gindinsu da kyau don kada ruwa ya gangara cikin mai. Aka sa zobba, aka karkata bakin kowane wani gefe dabam don kada iska ta samu hanya. Aka daidaita alamun da ke jikin sarƙar taimin, gama in aka kuskure haƙori guda bawul zai buɗe ba a kan lokaci ba. Aka shimfiɗa sabon gaskit, aka ɗora kan inji, aka ɗaure notinansa da sifana mai ma'auni, daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan kaɗan, don kada ƙarfen ya banƙare. Daga ƙarshe aka bar wa kowane bawul 'yar tazara saboda ƙarfe na kumbura in ya yi zafi, na shigar iska kashi 10 cikin 100 na milimita, na fitar hayaƙi kashi 25. Wayoyin fulogi aka jera su yadda wuta ke bi, 1, 3, 4, 2.

Cikin azumi aka mai da inji mazauninsa. Yaro na ɗokin murza makulli, uban ya hana, ya cire fulogi duka, ya sa aka yi ta juya inji haka nan har fitilar mai ta mutu, alamar mai ya kai ko'ina. Sa'an nan aka mai da fulogi. Bugu na fari ta yi tari, na biyu ta yi atishawa, na uku sai ta kama. Hayaƙi ya turnuƙe, kaji suka watse, jim kaɗan hayaƙin ya washe, ƙarar ta daidaita. Dattijo ya kara sukundireba a jikin inji, ya ɗora kunnensa a kan ƙotar, ya daɗe yana saurare. Da ya ɗago bai ce kome ba sai hamdala.

Sabon inji kamar ɗan maraƙi ne, ba a fara masa da huɗa. Sai ya yi tafiyar wajen kilomita 1,000 a hankali, zobba su zauna, a juye mai, a sake ɗaure kan inji. Maigida ya sabunta takardun mota, ya cire kujerar baya, ya shiga kai taki gona da ita a buhuna, nasa da na maƙwabta, su kuwa suna zuba masa mai. Waɗanda suka yi dariya da hunturu har da su a masu layi. Uwargida ma da ita aka kai ta gaisuwar salla garinsu.

Saura wurin gudu, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da kowane taƙi ke da mai shi. Gona ba ta yiwuwa saboda kunya, titi kuwa shi a ke gudu tun farko. Sai aka tuna da wani fili inda masu aikin hanya suka taɓa ɗibar burji, ƙasarsa ta yi tauri ba ta nomuwa. Dattijo ya je gaban dagaci ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, izini na zo nema." Dagaci ya yarda bisa sharaɗi, ba ranar kasuwa ba, ba kuma da dare ba. Suka tsince duwatsu, suka jera tsofaffin tayoyi a kwanoni, suka ja igiya nesa inda masu kallo za su tsaya. Mota ɗaya ce a fili, mutum ɗaya a ciki, da hular kwano da ɗamara. Da agogo a ke tsere, ba da wani ba.

Uban ya fara shiga, ya zaga sau biyar. Masu kallo suka ga kamar ba ya sauri, gama ba ƙara, ba ƙura mai yawa. Da yaro ya karɓa sai ya taka totur iyakar ƙarfinsa, ya shiga kwana da gudu, gindin mota ya zame, ƙura ta tashi, yara suka yi sowa. Amma da aka duba agogo, tsoho ya riga shi. Uban ya ce, "Ƙurar da ka tayar, ƙarfin injinka ne ya tafi a banza. Taka birki tun kafin kwana, ka shiga a hankali, ka fita da sauri." A zagaye na huɗu yaro ya ga allurar zafi ta ɗaga kaɗan. Ba wanda ya ce masa kome, sai ya ɗaga ƙafa ya tsaya, ya buɗe gaba, ya tarar fambel ya yi sako-sako. Wanda a da ya kan tsaya yana tafa wa mai ƙona tayar motar aro, yau ga shi ya bar gudu saboda allura ta motsa. Dalili kuwa a fili ya ke. Ya san abin da ke juyi a ciki, ya san kwana tara na bulo da ke kwance a ƙarƙashin marfi na huɗu. Daga baya abokansa sun zo aron motar don wani biki. Kafin uban ya buɗe baki, shi ya ce musu a'a.

Sau uku kaɗai suka samu zuwa filin kafin hadari ya haɗo daga gabas. Daren da aka yi ruwan shuka, da asuba dattijo ya cire batir ya kai ɗaki, ya ɗora mota kan duwatsu don tayoyi su huta, ya toshe bakin salansa da tsumma saboda ɓera, ya lulluɓe ta da tamfol. Hantsi bai yi ba yana gona yana saran shuka, ɗansa na biye yana zuba iri.

Wanda duk ke da sha'awar irin wannan aiki, to, ya riƙe abu huɗu. Ya yanke abin da zai kashe tun kafin ya kama sifana, kada abincin gida ya shiga ciki. Ya yi wa kowane ƙarfe alama. Ya auna, kada ya ce ido ya isa. In kuwa inji ya tashi, ya nemi fili da izini, ya bar wa jama'a titinsu. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, a aikin inji ma ita ce ke haifar da saurin. Allah ya kiyaye hanya.